Yadda ake kewaya gaɓar Zanzibar da jirgin ruwa mai tafiya da iska a ci kasuwa

Fara da duba iska. Daga Disamba zuwa Maris iskar Kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, daga Yuni zuwa Satumba kuma Kusi ke tasowa daga kudu, ta fi ƙarfi. Ni dai ban yarda sabon shiga ya fara da Kusi ba. Afrilu da Mayu damina ce, zauna gida.

Da isarka Stone Town, tsohon garin Zanzibar, ɗaga tutar nan rawaya mai nuna jirgi ya iso yana neman izinin shiga, ka gama da kwastan da jami'an shige da fice kafin ka taka kasuwa. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance a aljihunka.

Ga inda sababbi ke faɗuwa: ruwa. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma a nan bambancin kan kai mita 4 idan wata ya tsaya ko ya cika. Na sha ganin mutum ya ɗaure ƙaramin kwale-kwalensa ruwa na cike, ya dawo niƙi-niƙi da kaya, ya tarar da shi zaune a kan taɓo, teku ta yi nisa. Wani kuma ya jefa anka a wuri marar zurfi, da ruwa ya ja baya gindin jirgi ya daki dutsen murjani. Saboda haka duba jadawalin ruwa tun da dare, ka auna zurfi da lissafin janyewa, ka saki sarƙar anka ninki biyar na zurfin da ruwa zai kai in ya cika. Lokacin cikar ruwan kan jinkirta da kusan minti 50 kullum, kada ka yi aiki da na jiya. A arewacin tsibirin Pemba da mashigar garin Wete ma a kula, shiga rana na sama, ka ga duwatsu da idonka.

Kasuwar Darajani da ke Stone Town, wadda aka gina a 1904, da sassafe ake zuwa, kifi bai sha rana ba. Riƙe canjin shilin, ka rufe kafaɗa da gwiwa, garin Musulmi ne. Kanumfari kuwa bari sai Pemba, can ake noma mafi yawansa. Waɗannan ƙananan ƙullin kayan yaji na 'yan yawon buɗe ido ɓarnar kuɗi ne, sayi na awo.

Kada kwali ya hau jirgi, ƙwan kyankyaso ke ciki. Juye komai a jaka tun a bakin ruwa, ka wanke ayaba da kwakwa, ka dafa kifin a ranar.