Darasi na 7: Kafa ma'aunin ruwan sama a filin ciyawa

Mai kula da ciyawar filin ƙwallo, kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: yau a ba ciyawa ruwa ko a bari? Ido yakan ruɗi mutum. Sai yayyafi ya jiƙa saman ƙasa, ka tona da yatsa ka tarar ciki a bushe ƙamas. Ma'aunin ruwan sama shi ke raba gardama.

Ma'aunin gwangwani ne mai mazurari a baki, da kwalba mai layukan milimita. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan kowane murabba'in mita. Fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, in ya sami milimita 5, ya sha lita 500 ke nan, wato jarka 20 mai lita 25. Wanda ke sayen ruwa ko man janareta ya san darajar wannan lissafi.

Yawancin kuskure a wurin kafawa yake. Mutane kan so su raɓa shi jikin katanga ko gindin darbejiya don kada yara su taɓa. Katanga na tare ruwan da iska ta koro, ganye kuma na ɗiga masa wanda ba nasa ba. A auna tsawon abin da ke kusa, a ninka aƙalla sau biyu. Bishiya mai mita 6, a matsa mita 12. A nisanci indararo da inda famfon feshi ke kaiwa. Bakin ya tsaya daidai, kada ya karkace, a ɗaure shi tamau a jikin turke.

A duba shi lokaci ɗaya kowace safiya, a rubuta, a zubar. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, kada a tsallake rana. Da hunturu ƙura kan toshe mazurarin, ga kashin tsuntsu da saƙar gizo, har zanzaro kan yi gini a ciki. A wanke shi kafin ruwan farko.

Aikin gida: filinka murabba'in mita 200 ne, an yi ruwa milimita 3. Lita nawa ya sha? Jarka nawa ke nan?