Yadda Ake Shirin Jarrabawar Shiga Makarantar Koyon Aikin Jinya

Masu neman gurbi a makarantun jinya galibi sun fi kujerun da ake da su yawa, shi ya sa maki biyu ko uku kan raba wanda aka ɗauka da wanda aka ce ya dawo baɗi. Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ba su kai labari ba sun yi karatu, har da kwana a zaune. Sun cika kai da abin da ba su taɓa gwada fito da shi ba, sai ranar da agogo ke gudu kuma babu littafi a gabansu. Shirin da zan bayyana a nan duk a kan wannan ya ginu: a saba da fito da karatu daga kai, cikin ƙayyadadden lokaci, tun kafin ranar ta zo.

Mataki na farko: ku san jarrabawar da za ku zauna

Kafin ku buɗe littafi ko ɗaya, ku nemi bayanin jarrabawar daga bakin makarantar kanta, ko a shafinta na intanet ko a takardar sanarwarta. Kada ku dogara da "an ce". Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga makaranta zuwa makaranta. A Najeriya, alal misali, ana buƙatar kiredit biyar a Turanci, lissafi, bayoloji, kimistiri da fizis, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A Amurka kuwa makarantu da yawa suna amfani da jarrabawar TEAS ko ta HESI. Ita TEAS tana da tambayoyi 170 da za a amsa cikin minti 209, an kasa su gida huɗu: fahimtar rubutu, lissafi, kimiyya, da ƙa'idojin Turanci. Idan kun raba, kowace tambaya tana da kamar daƙiƙa 74 ke nan. Irin wannan lissafin ya kamata ku yi wa taku jarrabawar tun ranar farko.

Ku rubuta amsar waɗannan a takarda ɗaya: darussa nawa ne, tambayoyi nawa, minti nawa, a kwamfuta ce ko a takarda, an yarda da kalkuleta ko an hana, ana rage maki idan an faɗi tambaya ko ba a ragewa, akwai intabiyu bayanta ko babu. Sannan ku tabbatar hukumar da ke kula da aikin jinya a ƙasarku ta amince da makarantar. Wanda ya gama makarantar da ba ta da rajista ba zai samu lasisin aiki ba, komai ƙoƙarinsa.

Mataki na biyu: ku gwada kanku kafin ku fara karatu

Wannan ne matakin da aka fi gudu, domin ba shi da daɗi. Ku samo tsofaffin tambayoyi na shekara guda, ku saita agogo, ku amsa su ba tare da leƙen komai ba. Makin zai iya ba ku kunya. Ba komai, ba wanda ya gani sai ku. Amfaninsa shi ne zai nuna muku inda ɓarakar take, kuma sau da yawa ba inda kuke zato ba ne. Wata tana tsoron kimistiri, sai ta tarar lissafin kaso cikin ɗari ne ke cinye mata maki.

Daga wannan sakamakon za ku tsara jadawali. Darasin da kuka fi rauni a kansa shi zai samu lokacin da kanku ya fi sabo, shi kuma zai fi yawan fitowa a mako. Wata biyu zuwa uku na karatun awa biyu ko uku kullum ya fi mako biyu na kwana ba barci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: ku rufe littafin

A nan zan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Yawancinmu an saba mana da cewa karatu shi ne a maimaita shafi har ya zama sananne a ido. Matsalar ita ce, gane abu idan an gan shi daban, tuno shi idan babu shi daban, kuma jarrabawa na biyun take nema. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sai labari ya juya: masu gwada kansu suka tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaici kashi 40. Abin lura, masu maimaicin su ne suka fi amincewa da kansu cewa sun riƙe.

To yaya ake yi a aikace? Mu ɗauki zagayawar jini, wadda da wuya a yi jarrabawar jinya ba ta fito ba. Ku karanta babin sau ɗaya da natsuwa. Ku rufe littafin, ku ɗauki farar takarda, ku zana zuciya da ɗakunanta huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ku bi jinin da alƙalami: ya dawo daga jiki ya shiga ɗakin sama na dama, ya sauka ɗakin ƙasa na dama, ya tafi huhu ya sauke iskar da jiki ba ya so ya ɗauki oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka ɗakin ƙasa na hagu, daga nan a tura shi duk jiki ta babbar jijiya. Ku rubuta sunan kowane sashe da harshen da za a yi jarrabawar da shi. Inda alƙalamin ya tsaya yana jiran ku, nan ne ba ku sani ba. Sai a buɗe littafi a duba wurin kawai, a sake rufewa.

Sannan ku yi wa zanen tambayar "me ya sa?" Me ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri? Saboda na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, shi kuwa na hagu har tafin ƙafa. Wanda ya fahimci wannan ba ya buƙatar haddace shi. Haka kuma zai kuɓuta daga tarkon da masu tsara tambaya ke so: jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya suna ɗauke da jini mai oksijin, amma ban da wadda ke zuwa huhu.

Akwai dai abubuwan da dole sai an haddace, kuma ku haddace su da kyau, domin su ne za ku riƙa aiki da su a gefen gadon majiyyaci. Zafin jikin lafiyayye yana kusa da digiri 37. Bugun zuciyar babba yana hutawa 60 zuwa 100 ne a minti, numfashinsa 12 zuwa 20. Ƙasusuwan babban mutum 206. Ƙwayar halittar jikin mutum tana da kuromosom (zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado) 46, wato tagwaye 23. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kamar kwana 120. Ma'aunin pH na jini, wato ma'aunin yawan asid a cikinsa, 7.35 zuwa 7.45 ne. Ku yanka ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya. Wanda kuka ci ku ajiye shi gefe sai bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan mako biyu. Wanda kuka faɗi ya dawo gobe. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, shi ya sa bitar farko ba ta son jinkiri.

Mataki na huɗu: lissafi, da alƙalami a hannu

Lissafin jarrabawar jinya ba mai zurfi ba ne: ɓangarorin lamba, lambobi masu ɗigo, kaso cikin ɗari, rabo, da sauya ma'auni. Amma ba a koyonsa da ido. Kullum ku warware tambayoyi goma ko sha biyar, a rubuce, mataki-mataki.

Ku riƙe cewa giram 1 miligiram 1,000 ne, lita 1 mililita 1,000 ce, kilo 1 kuma kusan fam 2.2 ne. Ga irin tambayar da za ku gamu da ita: an rubuta wa majiyyaci miligiram 250 na maganin ruwa, kwalbar kuma ta ce akwai miligiram 125 a kowace mililita 5. Nawa za a auna? A raba abin da ake so da abin da ake da shi, 250 a raba da 125 ya ba da 2, a ninka da 5, amsa mililita 10. Kafin ku wuce, ku tambayi kanku ko amsar ta yi kama da hankali. Ana son ninki biyu na abin da ke cikin mililita 5, to dole amsar ta haura 5. Idan 2.5 ta fito muku, kun juya lissafin.

Ku ji tsoron ɗigo. Tsakanin 0.5 da 5 ninki goma ne. A jarrabawa maki ɗaya zai tafi, a ɗakin jinya kuwa rai ne a tsakani, kuma wannan ne dalilin da ya sa makarantun ba sa sassauci a wannan ɓangaren. Ni ina ganin sun yi daidai.

Kimistiri da fizis kuwa, ku bi manhaja kada ku wuce ta: tsarin atom, asid da kishiyarsa, daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, matsi, zafi, ma'aunai. A ɓangaren fahimtar rubutu, ku fara karanta tambayoyin kafin rubutun, kuma ku amsa da abin da rubutun ya faɗa, ko da kun san wani abu daban.

Mataki na biyar: littafin kurakurai

Ku ware ƙaramin littafi. Duk tambayar da kuka faɗi ku rubuta ta, da amsar da kuka zaɓa, da amsar gaskiya, da dalilin faɗuwar. Dalilan ba su cika wuce uku ba: ban sani ba, na sani amma na yi gaggawa, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Kowanne da maganinsa. Na farko a koma littafi. Na biyu a rage gudu. Na uku a riƙa ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke juya ma'ana, irin su "ban da" da "ba" da "mafi ƙaranci". Bayan wata guda wannan littafin zai fi duk wanda kuka saya amfani, domin ku kaɗai aka rubuta wa shi.

Idan kuna karatu da abokai, kada ku wuce uku ko huɗu, kuma kowa ya zo da babin da zai koyar da sauran da bakinsa, ba tare da duba takarda ba. Zaman da aka yi rabinsa ana hira, gara mutum ya yi karatunsa a gida shi kaɗai.

Mataki na shida: gwaji irin na gaske

A makonni ukun ƙarshe, sau ɗaya ko biyu a mako, ku zauna cikakkiyar jarrabawa daga farko har ƙarshe. Waya a kashe, ƙofa a rufe, agogo a gaba. Idan ta kwamfuta ce, ku nemi kwamfuta ku yi a kanta, kada ranar jarrabawa ta zama ranar da hannunku zai fara sabawa da linzami.

A nan ne za ku koyi rabuwa da tambaya. Idan ta cinye fiye da rabonta na lokaci, ku yi mata alama ku wuce, in tsarin ya yarda a dawo. Idan ba a rage maki, kada ku bar gurbi ko ɗaya babu amsa. A zaɓi huɗu, cankar makaho tana da damar kashi 25 cikin ɗari, amma idan kun kawar da biyu da kuka tabbata ba su ba ne, ta koma 50.

Wata magana a gefe: duk lokacin jarrabawa akan samu masu cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko suna da hanya a ciki. Ku nisance su. Ko kuɗinku ya tafi a banza, ko a kama ku a soke sunanku. Kuma wanda zai riƙe allura a kan ɗan wani bai kamata ya shigo ta wannan ƙofar ba.

Mataki na bakwai: daren jarrabawa, ranarta, da intabiyu

Daren jarrabawa ba na sabon babi ba ne. Ku duba littafin kurakurai da katunanku, ku haɗa takardar shiga, katin shaida da kayan rubutu a jaka ɗaya, ku kwanta da wuri. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da aka koya. Da safe ku ci abin da cikinku ya saba da shi, ku isa wurin da sauran lokaci. Idan gabanku na faɗuwa da aka ce a fara, ku ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, ku soma da tambayar da kuka sani.

Inda ake intabiyu, kusan tabbas za a tambaye ku me ya sa kuke son aikin jinya. "Ina son taimakon mutane" kowa zai faɗa. Ku zo da abin da yake naku, wanda kuka gani da idonku, wataƙila lokacin da kuka yi jinyar wani naku, ku kuma nuna kun san aikin yana da kwanan dare, tsayuwa mai tsawo, da wanke abin da wasu ke kawar da kai daga gare shi. Idan an yi tambayar da ba ku san amsarta ba, ku ce ba ku sani ba cikin ladabi. Masu intabiyun sun fi natsuwa da hakan, domin nas ɗin da ke ƙirƙirar amsa hatsari ce ga majiyyaci.

Da kun fito daga ɗakin jarrabawa, a ranar, ku rubuta batutuwan da suka fito da waɗanda suka ba ku wuya, ku ajiye tare da littafin kurakuranku. Ku kuma tambayi makarantar ranar fitar sakamako, da ƙa'idarta ta sake zama, domin wasu suna ƙayyade sau nawa za a iya maimaitawa da tazarar da za a bari tsakani.