Babi na 6: Ƙarfin Tafiya

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, a ajiye fensir tukuna. Wanda ya taɓa shiga Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato ya ji mai amalanke na ihun "hanya, hanya!" Ba iyayi yake yi ba. Amalanken da aka yi wa lodi ba ya tsayawa nan take, ko da a hankali yake tafiya. Abin da ke hana shi tsayawa shi muke kira ƙarfin tafiya. Wani Bature ɗan Ingila, Isaac Newton, ya rubuta dokokinsa a 1687.

Abu biyu ke haifar da shi: nauyi da gudu. Yanzu a ɗauki fensir.

Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu ɗaya da amalanken da ke ɗauke da shi, mu ce kilo 100. Yana cin mita 2 a kowane sakan. Rubuta 100. Rubuta 2. A tsakaninsu sa alamar sau, wato ×, mai kama da kara biyu da aka gitta. 100 sau 2, 200 ke nan.

Sau, ba tarawa ba. Wanda ya samu 102 ya goge, babu kunya, da koyo akan iya. Ɗari ce har sau biyu: ɗari, ga wata ɗari. Sake duba alamarka. In tana tsaye cak kamar +, tarawa ce. Karkata ta.

Bara na yi sati uku a kan wannan, aka yi jarrabawa, na sake ganin 102. Haba jama'a! Mai auna gero tiya biyu ba ya ƙara ƙwaya biyu ya ce ya gama. Sau ne.

Darasi na 2

Ƙarfin tafiya ba ya ɓacewa, hannu yake sauyawa. Amalankenmu ya daki wani amalanken mai kilo 100 da ke tsaye, suka sarƙe, suka tafi tare. Nauyi ya zama 200, gudu ya koma mita 1. 200 sau 1 nawa? Har yanzu 200. Sau, na ce.

Darasi na 3

Ka yi tsalle daga kwale-kwale a bakin kogin Rima, kai ka yi gaba, shi ya yi baya. Dokar ɗaya ce.

Aikin gida: kilo 60 sau mita 3.