Kurakuran da sababbin matafiya a kan babur ba sa gajiya da maimaitawa

Na gaji da ganin mutum ya wanke babur fes, ya cika tanki, ya ɗaure jaka, ya ce wai ya gama shirin tafiyar kwana 5 cikin karkara. Kusan duk wanda na tsinta a gefen hanya ya yi tagumi, abin da ya tsayar da shi tun daga gida ya taho da shi.

Bari in fara da wadda ta ci mini kuɗi da yini guda: sarƙa. Ana gobe zan tashi na ga ta yi sako-sako, sai na ɗauki sifana na ja ta har ta ɗame kamar tsirkiyar baka, ina ta yaba wa kaina. Na manta babur ɗin ba kowa a kansa. Da na labta kaya na hau, shakazoba ta nutse, sarƙar ta ƙara ɗamewa, kowane rami sai ya fincike ta. Bayan kilomita 200 da 'yan kai, a kan burji, na ji "ƙas!", injin ya ɗau kuka a banza. Ta tsinke, ta maki murfin injin ta tsaga shi. Awa 3 ina turi, rana na dukan ƙeyata.

Sarƙa tana son wasa, wato ɗan sassauci. A yawancin babura santimita 2 zuwa 3 ne a tsakiyar layin sarƙar na ƙasa, amma duba littafin babur ɗinka. Ni yanzu sai na sa wani ya zauna a kai da kayan duka, in juya tayar baya a hankali har in sami inda ta fi ɗamewa, a nan nake aunawa. Shafa wa sarƙar mai kuwa duk kilomita 500, ko bayan ruwan sama, da yamma tana da ɗumi, ta gefen ciki. Idan mai 'yan zobban roba ce, kada ka kuskura ka wanke ta da fetur, kananzir ya isa. Mahaɗin sarƙa guda ba ya barin aljihuna.

Kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da tsakiyar babur. Ka tula su can ƙarshen kariya, gaba ya yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a hannunka. Bakin igiya kuma kada ya yi lilo kusa da taya.

Na biyu shi ne haɗamar nisa, kuma wallahi wannan ya fi ba ni haushi. Ka duba taswirar waya ta ce awa 5, ka yarda. Ita ta san gargada? Ta san gadar da ruwa ya cinye, ko garken da zai tsare hanya? A hanyar karkara, in ka haɗa da tsaye-tsaye, da ƙyar kake cin kilomita 50 a awa. Sai almuru ta riske ka a daji, ka gaji, ka ƙara murza totur don ka isa. Lissafa da kanka: a gudun kilomita 80, mita 22 kake shafewa kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 3 ya kai ka mita 66 ido a rufe. Ni jaki ne ya koya mini, yana tsaye tsakiyar hanya, launinsa ya saje da ƙura. Na damƙi birkin gaba a kan tsakuwa, sai ga ni a ƙasa. Har yau gwiwata ta hagu tana tuna mini in sanyi ya shigo.

Tun daga ranar ba na wuce kilomita 300 a yini. Wasu za su ce lalaci ne, su ce. Duk awa ɗaya da rabi nakan sauka in sha ruwa ko ban ji ƙishi ba, kuma saura awa guda rana ta faɗi na riga na kwance kaya.

Iskar taya da geji, wato ma'aunin iska, ake auna ta, da safe kafin ta yi zafi, ba da matsawar babban yatsa ba. Duba lambobi huɗun nan da ke gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019, irin wannan ko da zanenta bai cinye ba robar ta tsufa. Tanki ya kai rabi ka ga gidan mai, tsaya. A cikin yashi sassauta hannu, dubi nesa, bar birkin gaba ya huta. Yayyafin farko bayan an daɗe ba ruwa ya fi mamako santsi, domin yana taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta. Hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba, kafin kanka ya taɓa ƙasa ta yi nata wuri.

Sai masu kai babur wurin bakanike daren tafiya. Haba! Kai shi saura mako guda, ka yi ta yawo da shi da kayan a ɗaure. Notin da aka manta ba a ɗaure ba, gara ya faɗi a bayan gidanku.