Darasi na 9: Jak da Matokari, Kafin Ka Shiga Ƙarƙashin Mota

Wata rana da bazara maƙwabcina ya ce zai canja birkin motarsa da kansa a ƙofar gida, don kuɗin gareji ya yi masa yawa. Ya ɗaga motar da jak, ya jera bulo biyu a ƙarƙashinta, ya cire taya. Yana miƙewa zai ɗauko sifana sai muka ji ƙas! Bulon sama ya dare gida biyu, motar ta zauna a ƙasa. Wani dattijon bakanike da ke wucewa ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Ɗana, da ƙafarka na ciki fa? Bulo na gini ne, ba na ɗaukar mota ba." Maƙwabcina dai bai iya cewa komai ba sai "Wallahi Baba, Allah ne ya tsare."

Aikin jak ɗagawa ne kawai, ba riƙewa ba. Abin da ke riƙe mota har ka gama aiki shi ne matokari, wato wannan ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, mai baki a sama inda mota ke zama.

Jak iri uku

Akwai ɗan ƙaramin da ke zuwa a but ɗin mota, wanda ake murzawa da hannu yana buɗewa kamar almakashi. An yi shi ne don canja taya a hanya, shi ke nan. Gindinsa siriri ne, ture kaɗan zai kayar da shi.

Akwai mai kama da kwalba, wanda ke aiki da mai. Yana da ƙarfi, ya dace da mota mai tsawo kamar Hilux ko bas, amma sau da yawa ba ya shiga ƙarƙashin ƙaramar mota, balle idan tayar ta sace. Na uku shi ne mai tayoyi da dogon hannu, irin na masu faci. Ya fi sauƙin aiki, ya kuma fi tsada, kuma yana son daɓen siminti domin tayoyinsa su riƙa gangarawa yayin da motar ke tashi.

Waɗannan biyun na ƙarshe mai ne ke riƙe nauyin a cikinsu, kuma 'yar roba ce ke tare man. Ranar da robar ta gaji, jak zai sauka, wani lokaci a hankali, wani lokaci farat ɗaya. Ba ya sallama.

Karanta lambar da ke jiki

A nan karatun da muke koyo zai yi mana rana. A jikin jak da matokari na kirki za ka ga an rubuta 2T, ko 3 TON, ko 2000 kg. Tan 1 kilo 1,000 ne. Ƙaramar mota irin Corolla tana da nauyin kusan kilo 1,300, Hilux kuwa tana kai wa wajen kilo 2,000. Tunda gefe ɗaya ake ɗagawa, jak mai tan 2 ya ishi ƙaramar mota. Ga Hilux ko Sienna, nemi mai tan 3. Gara ƙarfin ya yi rara.

Matokari bibbiyu ake sayarwa, kuma galibi lambar da aka rubuta ta biyun ce a haɗe, ba ta ɗaya ba. Idan an ce tan 3, ɗauka kowanne tan ɗaya da rabi yake ɗauka. Mutane da yawa ba su san wannan ba, har da wasu masu sayarwa.

Idan ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar garinku, kada ka ji kunyar juya kaya. Dubi walda: ta bi ko'ina, ko ɗigo-ɗigo aka yi? Ajiye shi a kan daɓe ka ga ko duk ƙafafun sun taɓa ƙasa. Wani matokarin da ƙusa mai kauri ake kulle shi, wani da haƙora. Ni na fi natsuwa da mai ƙusa, don ido na ganin ta shiga ko ba ta shiga ba. Mai haƙora kuwa sai ka tabbata harshen da ke kama haƙoran ya zauna sosai. A shekarar 2020, kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kusan miliyan 1.7 daga hannun jama'a saboda harshen kan iya zamewa daga haƙoran. Sababbi ne fa, daga kanti. Wanda mai walda ya haɗa a unguwa yana iya yin ƙwari, sai dai babu wanda ya gwada shi, babu lamba a jikinsa.

Yadda ake kafawa

Nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. Yashi da laka ba sa riƙe ƙarfe, kwalta ma takan yi laushi da zafin rana, ƙafar matokari ta nutse. Idan babu daɓe, shimfiɗa katako mai faɗi da kauri.

Ja birkin hannu, sa giya ta 1, ko P idan motar otomatik ce. Sa waigi, wato abin da ke tare taya kada ta gangara, gaba da bayan tayar da za ta zauna a ƙasa. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, saboda haka in baya ka ɗaga, waigin gaba ne kawai gatanka.

Sassauta notocin taya tun motar na ƙasa. Sannan leƙa ƙarƙashin ƙofa: bayan tayar gaba da gaban tayar baya akwai 'yar tsaga a jikin ƙarfe, nan ne mazaunin jak. Kada ka ɗora shi a tankin mai, ko salansa, ko gindin inji. Idan tsatsa ta ci wurin, nemi wani mai ƙwari a shasi.

Ɗaga motar, tura matokarai biyu, tsayinsu ɗaya, ka sauke ta a kansu a hankali. Sai ka kama ta da hannu biyu ka jijjiga. In za ta faɗi, ta faɗi yanzu kana tsaye. Tayar da ka cire, kwantar da ita ƙarƙashin ƙofa. Ka kori yara daga wurin, amma a samu babba ɗaya kusa wanda zai ji kiranka.

Aikin aji

1. Tan 3 kilo nawa ne?
2. An rubuta 2T a kan matokarai biyu. Kilo nawa kowanne zai ɗauka?
3. Za ka ɗaga bayan mota. Wace taya za ka sa wa waigi, kuma don me?
4. Duba jak ɗin gidanku ko na mai facin unguwarku, ka kwafo abin da aka rubuta a jikinsa, ka zo da shi aji mako mai zuwa.