Yadda za ka zaɓi cips ɗin poka masu araha ka gyara su

Masu ta tambaya kullum kan yadda ake zaɓen cips, wato 'yan faya-fayen nan da ake sa wa a madadin kuɗi a wasan karta na poka, ga matakan nan.

1. Ƙirga 'yan wasa tukuna. Mutum 6 cips 300 sun isa, in kun kai 10 nemi 500.

2. Sayi kaɗan ka gwada kafin ka ɗauki saiti guda.

3. Auna faɗinsu, 39mm shi ne daidai.

4. Jera guda 20 ɗaya kan ɗaya ka ɗan taɓa, in suka zame suka watse to santsi ya yi yawa, rabu da su.

5. Kanga maganaɗisu. In ya kama akwai ƙarfe a ciki. Hattara a nan ake cutar mutane da nauyi, masu gram 11.5 ɗin nan yawanci roba ce aka cusa wa ƙarfe, na kasino (gidan caca) ma wajen gram 10 ne kawai.

6. Tsaya a kala 4, kowace da darajarta, ka sa kala mai ƙaramar daraja ta fi yawa.

7. Wanke su da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan. Banda tafasasshen ruwa don Allah, lanƙwashewa za su yi.

8. Shanya su kan tawul su bushe sarai.

9. Goge kaifin bakin da sanfefa mai laushi, a hankali dai.

10. Manna sitika mai lamba a tsakiya, gaba da baya.