Ga masu bindigar Winchester 1886 mai cin harsashin .33 WCF a nan Amurka

'Yan'uwa, kwanson .33 WCF, wato gidan tagulla da ake ɗura wa albarushi a ɗora harsashi, ya yi wuyar samu, amma na .45-70 yana ko'ina, kuma gindinsu ɗaya ne, don haka za ku iya matse na .45-70 ya koma .33 WCF. Kada dai ku matse shi lokaci guda, kafaɗar za ta lanƙwashe. Ku bi a hankali: ku fara matse shi zuwa girman .40-65, sai .38-56, sannan .33. Man shafawa kaɗan a jikin kwanson ya isa, in ya yi yawa sai ku ga lotsawa a kafaɗa. Ni nakan gasa wuyan kwanson kawai domin tagullar ta yi laushi, amma wuta kada ta kusanci gindi. Bayan haka ku auna tsawo, ku datse. Kuma harsashi mai faffaɗan kai kaɗai, tunda a bututun ajiyar harsashi na bindigar suke jere, kan wannan yana taɓa gindin wancan.